Tsakanin "An Ce" da "An Gwada"

Masu iya magana kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: shin tsoron da ke da tushe ya isa ya zama hujja?

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan a Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka koka cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Wannan kam maciji ne, ya kuwa yi sara. A shekarar 2003 sai magana ta bazu wai ɗigon rigakafin shan-inna na hana haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da a da suka rabu da ita, har Indonesiya. Wannan tsumma ne, amma gudunsa ya bar yara da shanyayyun ƙafafu.

To, yaya mai karatu zai bambance maciji da tsumma? Ya yi wa kowace magana tambaya uku. Ta farko, wa ya faɗa? Jita-jita ba ta da uba, da "an ce" take yawo. Ta biyu, an gwada, kuma wani dabam ya sake gwadawa ya ga abu ɗaya? Ta uku, mene ne zai sa mai maganar ya janye ta? Masani yakan faɗi iyakar maganinsa da illolinsa. Mai tallan gari guda da ke warkar da basir da shawara da ciwon suga, shi ba ya taɓa kuskure, nan kuwa ya kamata a soma zarginsa.

Nauyin ya hau kan kowa. Likitan da ya ɓoye gaskiya ya yi wa ƙarya sharar gona, wanda ya yaɗa abin da bai tantance ba kuma shi ya yi shuka. Da aka zauna da sarakuna da malamai aka amsa tambayoyin iyaye, rigakafi ya kankama, har a shekarar 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Ashe shakka ba laifi ba ce, muddin za ta kai mai ita ga bincike.