Sai Mun Nuna Fuskarsa Za Ku Bayar?



'Yan uwa, akwai wata 'yar ƙungiya ta tallafa wa marayu da marasa lafiya a unguwarmu. Matasa ne ke tafiyar da ita, suka sa ni cikin masu ba su shawara. Kwanakin baya wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta zo mana da ɗanta mai shekara tara, likita ya ce sai an yi masa tiyata, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Sakataren ƙungiyar, yaron kirki ne, ya zaro wayarsa ya ce, "Malam, bari in ɗauke shi yana kwance, a ga yadda cikin ya kumbura, a ga hawayen mahaifiyarsa. In ba hoto, wallahi mutane ba sa turo komai."

Na dubi matar. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce, "Duk yadda kuka ce, Malam." Maganar nan ta hana ni barci. Wadda ɗanta ke kwance yana nishi, ina ta ga bakin cewa a'a? Shin wannan yarda ce, ko dole ce ta sa?

Sakataren yana da hujja, kuma ba zan tauye masa ita ba. Ido yana motsa zuciya fiye da kunne. Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir bin Abdullah cewa wasu mutane, yawancinsu daga ƙabilar Mudar, sun zo Madina cikin tsummoki, ba ko takalmi. Da Manzon Allah (SAW) ya gan su sai fuskarsa ta canja, bayan an yi sallah ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da sadaka, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A shekara ta 9 bayan Hijira ma, a fili aka yi neman gudummawar Tabuka. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, duk da ta fifita wadda aka ɓoye. Ga kuma 'yan damfara da suka ɓata wannan hanya. Wanda aka taɓa cuta da labarin ƙarya yana da gaskiya in ya ce sai ya gani.

To amma ku duba aya ta 264 a surar, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Mun saba ɗora wannan a kan mai bayarwa. Ni kuwa ina ganin mu da muke tsakiya, masu tara kuɗin, mun fi kowa kusa da faɗawa ciki. Mutanen Mudar an gan su a masallaci, aka taimake su, aka watse, maganar ta ƙare. Hoton da aka sa a Facebook aka yaɗa a WhatsApp kuwa ba mai iya dawo da shi. Yaron nan zai warke insha Allah, ya koma makaranta, wani yaro ya ce ai mun gan ka a waya ana yi maka bara. Zai girma ya nemi aure, hoton yana nan. Kuɗin tiyata an kashe shi a rana ɗaya, shi kuma an bar shi da abin kunyar da ba a taɓa neman izininsa a kai ba.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi wa masu bayarwa. In bana sai an ga hawaye za a bayar, baɗi hawaye ba zai isa ba, sai an ga ciwon a buɗe. Daga nan wanda ya fi iya nuna wahalarsa shi zai riƙa samu. Su kuwa waɗanda aya ta 273 ta siffanta, masu kamewar da wanda bai san su ba zai zaci mawadata ne, su wa zai tuna da su? Malaman tarihi sun ambaci Aliyu bin Husaini, Zainul Abidin, yana ɗaukar buhun abinci a bayansa da dare yana kai wa gidaje a Madina. Masu karɓa ba su san ko wane ne ba sai da ya rasu abincin ya yanke, masu yi masa wanka suka ga tabon buhu a bayansa. Shi ya bi sawun mabuƙata har ƙofar gidajensu, ya rufa musu asiri.

Ga abin da muka yi. Ba mu sa hoto ba, ba mu faɗi suna ba. Mun rubuta irin ciwon da adadin kuɗin. Dattawa biyu da limamin unguwa suka ga takardun asibiti suka shaida, muka ce duk mai shakka ya zo a nuna masa. Kuɗin kai tsaye aka biya asibiti, muka wallafa rasit muka rufe sunan.

Ba zan ɓoye muku ba, an sha jira. Kusan mako uku kafin kuɗin ya cika, kuma duk kwanakin nan yaron yana jin ciwo. Sakataren ya ce min, "Malam, da bidiyo ne da tuni an gama." Wataƙila gaskiya ya faɗa, kuma abin ya yi min nauyi. Da likita ya ce gobe ko a rasa rai, da na ce a ɗauka, domin tsare rai yana gaba. Amma larura gwargwadonta ake aunawa: a rufe fuska, a sa mace ta tambayi uwar a keɓe ta kuma tabbatar mata cewa ko ta ƙi za a taimake ta, a sauke hoton da zarar an gama.

Saura mu masu bayarwa. Matasan nan daga halinmu suka koyi cewa sai da hoto. In amintattu sun shaida maka buƙatar mutum, ka bayar, kada ka ce sai ka ga idonsa. In kana da shakka, ka tashi ka je ka bincika, ko ka kira wanda ka yarda da shi. Kafin ka tura hoton ɗan wani gaba, ka tambayi kanka ko za ka so a yi wa naka haka.

Yaron an yi masa aikin, ya fara takawa, alhamdulillah. Ku sa shi da mahaifiyarsa a addu'a.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya karɓi ɗan abin da muka bayar, Ya tsare mu daga cutar da wanda muka nufa da alheri. Amin.