Maki Muke Nema Ko Ilimi?

Jama'a, duk shekara idan JAMB ta gabato, zance ɗaya ake ji a shaguna da ƙofar masallaci: "Yaron nan dole ya kawo 250." Sanya buri ba laifi ba ne. Mu 'yan kasuwa mun sani, wanda bai ƙirga jarinsa da safe ba, ba zai san ribarsa da yamma ba. Abin tambaya shi ne, wane irin buri muke ɗora wa 'ya'yanmu?

JAMB darussa huɗu ce, maki 400. A 2025, cikin kusan yara miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. To uban da ya yanka wa ɗansa 250, alhali yaron yana tsaron shago tun safe har magariba, ko littafi ba a saya masa ba, wace ƙofa ya bar masa? Satar amsa kawai. Mu faɗa wa juna gaskiya: a WAEC da NECO, wasunmu da hannunsu suke biyan kuɗin "taimako".

Takardar sakamako mudu ce, da ita ake auna abin da ke kan yaro. Mu da muke la'antar mai tauye mudun shinkafa a kasuwar Lafiya, yaya za mu halatta algus a wannan mudun? Yarinyar da aka saya wa sakamako, gobe ita ce ma'aikaciyar jinyar da za ta yi wa mahaifiyarmu allura.

Wani zai ce: "Malam, kowa yana yi, ɗan mai gaskiya ne zai zauna a gida." Wallahi akan ga haka, kuma da ciwo. Amma shekara ɗaya a gida ana gyara ta. Yaron da ya koya daga ubansa cewa komai na sayarwa ne, gyaransa sai Allah.

Don haka mu ɗora burin a kan abin da ke hannun yaro. Awa biyu bayan Asuba. Tsofaffin tambayoyi duk mako, a auna a ga inda ya tsaya. Mai samun 160 ya nemi 190 tukuna. Tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar, to ya saba da ita tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuma namu shi ne mu ɗauke masa shago na 'yan watanni.

Ga Jami'ar Tarayya a nan Lafiya, ga ta jiha a Keffi. 'Ya'yanmu su shige su da guminsu. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai kai ba, kada ya ji tsoron shigowa gida. Allah Ya shirya mana zuri'a.