Zumunta a Ƙafa Ta Ke

Ya mai karatu, bari mu yi tunani tare bisa wannan tambaya: idan na gai da ɗan'uwana ta waya, na sauke nauyinsa da ke kaina ke nan, ko kuwa da saura?

Wayar salula irin ta GSM ta shigo Nijeriya cikin watan Agusta na shekara ta 2001. Kafin wannan, mutumin unguwar Dogo Tebo a Potiskum, in yana so ya san kwanan wani, sai ya sa takalminsa ya tafi. Ya yi sallama a ƙofar gida, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. Ya tambayi gajiya, da iyali, da aiki. Gaisuwar tana da tsawo, amma ba ɓata lokaci ba ce. Gama a cikin tsawonta ne ido ya kan ga abin da baki ya ɓoye. Mutum ya ce, "Lafiya lau," amma ga rama a wuyansa, ga murhu babu hayaƙi. Waya kuwa "lafiya lau" kaɗai ta ke kawowa, ta bar ramar a can.

Kada wani ya ce waya mugun abu ce. Mutanen Potiskum sun san darajarta fiye da yawancinmu. Ran 14 ga Mayu, 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno, da Yobe, da Adamawa, ba da jimawa ba kuma aka katse layukan waya. Wajen wata biyu wayoyin garin suka yi shiru. Fataken babbar kasuwar shanu suka rasa hanyar jin labarin ciniki. Waɗansu sai sun yi tafiya har ƙasar Bauchi kafin su ji muryar nasu. Abu mafi zafi, ran 6 ga Yuli 'yan bindiga suka fāɗa wa makarantar sakandare ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe ɗalibai da yawa, ba kuwa hanyar kiran taimako da sauri. Lalle waya tana ceton rai.

Amma waɗannan kwanaki sun bar mana wani darasi kuma. Sa'ad da waya ta mutu, lambobi ɗari da ke cikinta ba su iya buɗe wa mai ita ko ƙofa ɗaya ba. Wanda ya saba taka ƙafa zuwa gidajen maƙwabta, shi ne ya san inda za ya ƙwanƙwasa. Ashe, akwai bambanci tsakanin riƙe lambar mutum da riƙe mutumin.

Ina dalilin wannan? Na fari, ziyara tana da tsada. Mai zuwa ta'aziyya ya bar aikinsa, ya sha rana, ya zauna a tabarma. Ko bai ce kome ba, wahalar da ya sha ta riga ta faɗi abin da ke zuciyarsa. Saƙon da a ke aika wa mutum hamsin da yatsa ɗaya ba ya faɗin haka. Na biyu, waya ta kan sace mu daga wanda ke gabanmu. Uba yana zaune da ɗansa a tsakar gida, idonsa na kan waya. Jikinsa yana nan, hankalinsa yana Legas. Yaron kuwa yana koyon cewa na nesa ya fi shi daraja.

Manzo Yohanna ma ya san wannan. A ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku ya nuna yana da sauran magana da yawa, amma bai so ya ƙare ta da tawada ba, ya fi so ya zo su gana ido da ido. Bai rena wasiƙa ba, gama ya rubuta ta. Amma ya san iyakarta.

Saboda haka, ɗan'uwana, amsar ke nan: da saura. Ka yi waya da na nesa, ka gode. Amma na kusa, wanda ƙafarka ta ke iya kai ka wurinsa, hakkinsa ne ya ga fuskarka. Magabata sun ce zumunta a ƙafa ta ke, ba su ce a yatsa ba.

Tambayoyi domin tunani:

1. Wane ne a unguwarku ka ke gaishe shi ta waya kaɗai, ko da shi ke tafiyar ba ta da nisa?
2. Da za a katse layi yau, gida nawa ne za su buɗe maka ƙofa da murna?
3. Wane lokaci ne za ka keɓe kowace rana, ka ajiye waya, ka saurari mutanen gidanka?