Kuturtar Uba Ba Ta Hana Ɗiya Aure

Yadakunya tana cikin ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, wajen da gidaje ke ƙarewa gonakin gero da dawa su karɓa. A shekarun 1930 wurin ya zama matsugunin masu cutar kuturta, Turawan mishan na SIM suka riƙe asibitinsa, kamar yadda suka riƙe na Babbar Ruga a Katsina da na Amanawa a Sakkwato. Da yawa cikin waɗanda aka kawo jinya ba su sake komawa garuruwansu ba. Wasu dangi ne suka juya musu baya, wasu kuma su da kansu suka ga zama cikin abokan lalura ya fi kwanciyar hankali. Suka yi noma, suka auri juna, suka hayayyafa.

Bikin jikokinsu na Hausawa ne sak: kuɗin gaisuwa, sa rana, lefe, kamu, sa lalle, ɗaurin aure da rabon goro. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin bincike. Saurayi daga wani gari ya ga yarinya lafiyayya, iyayensa su tura a binciko asalinta, ɗan aike ya dawo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ai gidan kutare ne." Sau da yawa maganar ta mutu ke nan, kuma masu kashe ta sukan fake da addini.

To, me addinin ya ce? A mazhabar Malikiyya kuturta tana cikin aibobin da ke bai wa miji ko mata zaɓin warware aure, tare da hauka da wasu lalurori, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ya san haka. Sai dai zaɓin yana da sharuɗɗa. Wanda ya san da cutar tun kafin ɗaurin aure ya kuma yarda, ba shi da ta cewa daga baya. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, ya ƙara abu biyu da ba a cika faɗa a zaure ba. Na ɗaya, kuturtar uba ba ta ba da wannan zaɓi. Cutar da ke jikin wanda za a aura ita ake dubawa. Na biyu, idan ana sa ran warkewa, a jinkirta shekara guda a yi magani kafin a raba.

Shekara gudan nan ta yi daidai da abin da likitoci ke yi yau. Tun 1873 Hansen, likita ɗan ƙasar Norway, ya gano ƙwayar cutar, kuma ba gadonta ake yi ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, wanda a yau ake sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Da zarar an fara sha, mutum ya daina yaɗa ta.

Tsohuwar da ake ƙyamar tuwonta ranar biki saboda dungulmin hannunta, galibi ta warke da daɗewa. Jijiyoyinta ne suka mutu, ta riƙa ɗaukar tukunya mai zafi ba ta ji, gyambo ya cinye yatsun. Tabo ne kawai, ba ya kama kowa.

Hadisin da ya yi umarni a nisanci mai kuturta ingantacce ne, yana cikin Buhari, amma kariya ce daga cutar da ke jiki, babu inda ya ambaci ɗa ko jika. Waliyyi yana da damar neman gwajin asibiti, kamar yadda ake gwajin jini kafin aure a Kano. Idan sakamako ya fito lafiya kuma ya ƙi, to ya faɗi gaskiya cewa surutun mutane yake gudu, ya daina jingina abin ga Malikiyya.