Matsakaiciyar Libarba da Ma'anar Tsaka-tsaki

A Amurka, inda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Heller ta 2008 cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa domin kare kai, masu koyar da harbi sun daɗe suna ba sabon shiga shawarar ya fara da matsakaiciyar libarba. Libarba ita ce ƙaramar bindiga mai ganga, wato wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka, galibi shida, wanda yake juyawa yana kawo harsasai ɗaya bayan ɗaya daidai bututun da za su bi su fita. Wannan shawara tana ɗauke da wata tambaya ta ilimin ɗabi'a, ita ce ko tsaka-tsakin da malamai suka yaba zai iya zama siffar makami, ko kuwa siffar mai riƙe da makamin ce kaɗai.

A 1899 kamfanin Smith & Wesson ya fitar da libarba mai matsakaicin jiki, ƙirar da daga baya aka sani da harafin K, tana cin harsashin .38 Special, kuma ita 'yan sandan Amurka suka fi ratayawa shekaru da dama. Lambar da ake kiran harsashi da ita tana nuni ne ga kaurinsa a ma'aunin inci, ko da yake sunan yakan saɓa wa awo, domin ainihin kaurin .38 Special inci 0.357 ne, kimanin milimita 9. A 1935 aka fito da .357 Magnum mai irin wannan kauri amma da ƙarfi mai yawa, aka kuma tsawaita kwansonsa da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci da gangan, don kada ya shiga bindigar da ba za ta jure shi ba. Saboda haka libarbar Magnum tana cin harsasan biyu, alhali ta .38 nata kaɗai take ci. A 1955, bisa shawarar Bill Jordan, jami'in tsaron iyaka, aka ɗora wannan ƙarfi a kan matsakaicin jiki, sai dai yawan harba harsasai masu zafi yakan tsaga gindin bututun, abin da ya sa kamfanin ya ƙera ƙirar L mai ɗan ƙarin kauri a farkon shekarun 1980.

Aristotal ya bayyana kyakkyawar ɗabi'a da cewa matsayi ce tsakanin wuce iyaka da gazawa, ya kuma ja hankali cewa wannan matsayi ba tsakiyar lissafi ba ne, domin abincin da ya yi wa ƙaƙƙarfan ɗan kokawa kaɗan zai yi wa mai koyo yawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wannan tsari a Ihya'u Ulumiddin, inda ya ajiye jarumtaka tsakanin tsoro da ganganci. Idan aka auna zaɓen bindiga da wannan ma'auni, za a ga cewa babbar libarba mai cin .44 Magnum tana girgiza hannu har mai harbi ya kuskure abin da ya nufa, 'yar ƙarama kuma rashin nauyinta yana sa ta yi tsalle a tafin hannu, ita kuwa matsakaiciya tana zaunawa a hannun yawancin mutane. Duk da haka abin da ya dace da ƙato ba lallai ya dace da tsohuwa ba, don haka ko a nan mai riƙon ne ma'auni.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne babin da malaman fiƙihu suke kira daf'us sa'il, wato tunkuɗe mai kawo farmaki ga rai ko dukiya ko mutunci. Sun halatta shi bisa sharaɗin a bi mataki mafi sauƙi kafin mai tsanani, ta yadda wanda tsawa ko neman agaji za su kore shi ba a dukansa, wanda sanda za ta tsayar da shi kuma ba a zare masa takobi. Toma Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, shi ma ya sharɗanta cewa niyyar mai kare kai ta kasance tsira da ransa, kuma ƙarfin da ya yi amfani da shi kada ya zarce bukata. Sanda tana karɓar wannan tsani, domin ana iya sassauta bugu, amma bindiga ba ta da rabin harbi. Da libarba mai cin ɗan siririn harsashin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da irinta kuma aka raunata Shugaba Ronald Reagan a 1981. Wanda ya zaɓi ƙaramin harsashi yana zaton ya sayi sassauci ya yaudari kansa, domin da zarar yatsa ya ja kunama an riga an taka matakin ƙarshe, kuma harbi, kamar yadda ake cewa game da magana, zarar bunu ne.

Wannan bai mayar da zaɓen kaurin harsashi aikin banza ba, ya dai sauya wanda zaɓen ya shafa. Harsashin da ya fi ƙarfin mai harba shi yana iya kauce wa maharin, ko ya huda bango ya sami maƙwabci ko yaro a ɗaki na gaba, waɗanda babu wata shari'a da ta halatta jininsu. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun hana nuna ɗan'uwa da makami, sun kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani, lamarin da ke nuna cewa nauyin makami yana hawa kan mai shi tun kafin wani faɗa ya tashi. Fiye da rabin mutanen da bindiga take kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka harbe kansu, don haka inda aka ajiye ta, da wanda hannunsa zai iya kai mata, da halin da mai ita yake ciki ranar fushi ko baƙin ciki, duk suna cikin hisabin.

Maƙeran 1935 sun iya sa wa ƙarfe iyaka ta hanyar ƙara tsawon kwanso, ta yadda bindiga mai rauni ba za ta haɗiyi abin da zai fasa ta ba. Babu maƙerin da ya ƙera wa zuciya irin wannan shinge, shi ya sa tsaka-tsakin da Gazali yake nufi sai an same shi a matakan da suka gabaci harbi, wato kulle ƙofa, ja da baya, kiran agaji da haɗiye fushi. Matsakaiciyar libarba tana taimaka wa mai ita ya sami abin da ya auna, amma hukuncin ko ya cancanci a auna shi yana wuyan mutum, kuma shi za a tambaya.