Musulmi A Gidan Masauki Ranar Bikin Godiya Na Amurka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba sha'anin 'ya'yanmu da ke karatu a Amurka, musamman waɗanda aka sauke a gidajen mutanen ƙasar, suna ci suna kwana tare da su. Kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ana hutun ƙasa da suke kira bikin godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya yi shelarsa ga ƙasa duka a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sa'an nan majalisa ta tsayar da ranar da doka a 1941. A ranar dangi na nesa da na kusa sukan taru, a gasa talotalo, a dafa dankali da masara da kabewa. To, yaya ɗalibi Musulmi zai yi in mai gida ya ce ya zo a zauna?

Ana jin tsoron abu biyu. Wani ya kulle kansa a ɗaki, ya ɓata ran mutanen da suka ɗauki ɗawainiyarsa, har su zaci Musulunci ne ya koya masa rashin kirki. Wani kuma kunya ta kama shi, a miƙo masa giya ya karɓa, sallar La'asar ta wuce yana hira. Dukansu biyu sun kauce.

Mu dubi Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama. Sarki Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, shi ya ba su mafaka. An ruwaito cewa sa'ad da wani ya tayar masa da tawaye, Musulmi suka yi ta roƙon Allah Ya ba sarkin nasara, har Zubairu ɗan Awwamu ya ƙetare kogi a kan salka don ya gano musu yadda yaƙin ya ƙare, da ya komo da bushara suka yi murna ƙwarai. Amma an ruwaito kuma cewa da suka shiga fada, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi bai faɗi ya yi wa sarki sujada ba, ya bayyana cewa su ba su yin sujada sai ga Allah. Watau sun taya mai masaukinsu farin ciki, ba su kuwa sayar da aƙidarsu ba.

Malamai sun saɓa game da irin wannan biki. Waɗansu sun hana, suna kafa hujja da hadisin Anas, cewa Annabi ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, ya sanar da su Allah Ya musanya musu da Ƙaramar Salla da Babbar Salla. Waɗansu kuwa sun rarrabe tsakanin bikin ibada na wani addini da taron al'ada na ƙasa, suka ce cin abinci da maƙwabci ba ibada ba ne. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ta ba da damar kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Ai wanda ya buɗe maka ƙofar gidansa ya fi cancanta da wannan.

Wanda ya zaɓi ya halarta, to, ya kiyaye abu uku. Na farko, abinci: ya tambayi uwar gida tun kwanaki kafin ranar ko akwai naman alade, ko an zuba giya a romo, in kuwa zuciyarsa ba ta natsu da yankan ba, ya nemo na halal ko ya ci kifi. Hadisi ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, saboda haka ya roƙa cikin ladabi a jinkirta ta, ko ya tashi in an kawo. Na biyu, addu'a: in sun yi tasu bisa addininsu, ya yi shiru ba tare da raini ba, ya yi bisimilla a ransa. Na uku, salla: a Nuwamba yini gajere ne a can, a jihohin arewa rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar ko kafin haka, don haka ya lura da agogo.

Faɗar waɗannan tun da wuri ita ce hikima, domin magana a gaban baƙi ita ke kawo jin kunya. A gidaje da yawa akan zagaya kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa. In an zo kansa, ya gode wa Allah, sa'an nan ya gode wa mutanen gidan da sunansu, gama Annabi ya koyar da cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In Salla ta zo kuma, shi ma ya dafa musu, ya gayyace su.

Ku iyaye, ku karantar da 'ya'yanku wannan kafin su hau jirgi. Allah Ya tsare mana imaninsu, Ya komo da su lafiya. Wassalamu alaikum.