Jarumin da ba shi da lago

Akwai wani wasa da ake yi a intanet wanda babu hoto a cikinsa, babu sauti, sai rubutu zalla. Kowane ɗan wasa yakan ƙirƙiro jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, irin na mujallun zane na Amurka: wannan yana tashi sama, wancan ƙarfe ba ya cinsa kamar ɗan tauri, waccan tana ɓacewa kamar mai layar zana. Daga nan sai su shiga saƙa labari ɗaya, kowa ya rubuta abin da jaruminsa ya aikata, na gaba ya ɗora. Ba a jefa ƙwayar ludo, ba a ƙirga maki, sau da yawa ma babu alƙali. To, mai karatu, idan mutum shi ke rubuta ƙarfin kansa da hannunsa, me zai hana shi ya rubuta cewa babu mai iya kayar da shi?

Matsalar ta girmi intanet. Lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a 1938, tsalle kawai yake yi, bai iya tashi ba. Sannu a hankali marubuta suka yi ta ƙara masa ƙarfi har ya kai ga ture duniyoyi daga mazauninsu. A 1943 shirin rediyonsa ya shigo da kiriftonait, ma'adinin da ke kashe masa jiki, a 1986 kuma John Byrne ya sake rubuta labarin daga tushe, ya rage masa ƙarfi. Dalilin a fili yake: wanda ba ya iya faɗuwa, babu mai zaman jiran ƙarshen labarinsa.

Masu wasan tebur sun nemi maganin abin ta hanyar lissafi. A wasan Dungeons & Dragons na 1974, ƙwaya da jagoran wasa ke yanke hukunci. A wasan Champions na 1981, ana ba kowa adadin maki ya sayi ƙarfi da su, wanda kuma ya yarda ya ɗora wa jaruminsa wani rauni sai a ƙara masa maki. Wato rauni ya zama kuɗin sayen ƙarfi. Amma wasan rubutu zalla ya ajiye wannan ma'auni, ya bar mutum da halinsa.

Wasu na ganin adalci shi ne a daidaita kowa, kada wani jarumi ya fi wani. Wannan ra'ayi yana da hujja, domin sabon shiga ba zai daɗe ba a inda kullum shi ne abin duka. Sai dai daidaiton yana da wuyar aunawa. Wa ya fi ƙarfi, mai ɗaga dutse ko mai karanta zuciya? Ban da haka, jarumai biyu masu ƙarfi ɗaya suna iya ɓata labari idan kowannensu ya ƙi yarda naushi ya same shi, alhali ƙato da ɗan tsurut suna iya yin labari mai daɗi idan ƙaton yana da lago, ya kuma bari a gano shi.

A ganina, abin da ya kamata a raba daidai shi ne hannu a cikin labarin. Ƴan wasan da suka goge suna da wata al'ada: kai ka rubuta cewa ka kai hari, abokin karawarka shi zai rubuta ko harin ya same shi. Wanda ya rubuta wa jarumin wani faɗuwa ba da izininsa ba, ko ya kauce wa kowane hari, suna zarginsa da wata kalmar Ingilishi mai nufin ɗaukar kai a matsayin abin bauta. Wannan al'ada ta miƙa wa kowa amanar shan kayensa. Ba ta aiki sai idan mutum zai iya rubuta da hannunsa cewa ya ji ciwo, ya durƙusa, an fi shi dabara yau.

Kada a ce ai wasa ne kawai. Wanda ya ɓata makonni yana gina jaruminsa, sannan wani ya shafe shi da jimla ɗaya, lokacinsa da ƙoƙarinsa na gaske aka wulaƙanta. Ba zai kai ƙara ko'ina ba, zai daina zuwa ne kawai. Ɗaya bayan ɗaya sauran ma su zame, mai cin kowa ya wayi gari shi kaɗai da ƙarfinsa, babu wanda zai gwada wa.

Hausawa na cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A rayuwa duniya ce ke kawo wa mai ƙarfi wutar da zai taka. A wannan wasa kuwa babu mai hura ta sai shi kansa, shi ya sa wasan ke tona halin da doka ke rufewa. Wanda ya kiyaye iyaka don tsoron alƙali, ba mu san komai game da shi ba tukuna. Wanda aka sakar wa alƙalami, aka ce ya rubuta abin da ya ga dama, sannan ya zaɓi ya bar wa ɗan'uwansa ƙofar da zai kayar da shi, wannan ne za a so a sake zama da shi gobe a ci gaba da labarin.